Kwalaben da Muka Binne a Yashi

Direban da ya ɗauko ni daga Funtuwa ya yi wa Inna alkawarin zai kai ni har Maitama, har ƙofar gidan da Kawu Sale yake aiki. A bakin titin Kubwa ya sauke ni. Ya nuna min gadar masu tafiya a ƙafa, ya ce in na haye ta na shiga Maitama, ya ja motarsa ya tafi. Na haye gadar da jakata a kai, na tarar da titi irin wanda na baro, ga motoci, ga mutane, babu wanda ya dube ni.

Shekarata goma sha shida a lokacin. An rufe makarantarmu saboda 'yan bindiga, shekara ta zagayo ba a buɗe ba, shi ne Kawu, ƙanen Inna, ya aiko a turo ni in ƙarasa sakandare a wurinsa. Ni ba mai magana ba ce. Ko a gida in an aike ni kanti, sai in tsaya a bayan kowa har mai kantin ya gaji ya tambaye ni abin da nake so. Haka na tsaya a gindin gadar nan har rana ta karkata, ina kallon takalman masu wucewa. Wata mata mai gasa masara ce ta lura da ni. Hausarta ba ta da yawa, amma ta gane. Na karanto mata lambar Kawu, ta kira shi da wayarta, ta zaunar da ni a kan bokitinta, ta miƙo min masarar da gefe ɗaya ya ƙone. Da na kunto ɗan kuɗin da ke bakin mayafina, ta ture hannuna. Ban tambayi sunanta ba, kunya ta hana ni.

Abin da ya fara ba ni tsoro a Maitama shi ne shirun wurin. Babu kukan akuya, babu daka, babu yara a waje. Katangu ne dogaye da waya a kansu, sai masu gadi a zaune a bakin ƙofofi. Kiran salla ma daga nesa yake zuwa, in iska ta ga dama.

Mu a bayan gida muke, a ɗakunan ma'aikata. Kawu shi ke kula da janareto da furanni da kwamin wanka na ninƙaya da babu mai shiga. Ɗakinsa ɗaya ne, don haka aka sa ni a ɗakin Mama Ladi, mai dafa abinci, wata Kirista daga Filato mai jiki da ƙaramar murya. Ran farko ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Yarinya, zo ka ci abinci, ka yi kama da tsinke." Ita ce ke tashina sallar asuba duk tsawon zamana a gidan, ta taɓa ƙafata ta ce Allahnku yana jira.

Mai gidan, Oga, dattijo ne ɗan kudu da ya yi aiki shekaru a ƙasashen waje. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Turai. Kawu ya roƙe shi kafin a kawo ni, ya ce ba komai, muddin Sale yana aiki a gidan, yarinya ta zauna. Makarantar gwamnatin da aka sa ni kuma da ƙafa nake zuwa. Kwanana da karatuna duk a aikin Kawu suke rataye, kuma ba sai an gaya min ba.

A makon farko na lura in an ɗauke wuta, Kawu yakan bar ko abinci ne ya ruga ya tayar da janareto, amma ɗakunanmu ba sa samun wutar. Mukan zauna da mafici, ina karatu da tocila, alhali ana jin ƙugin injin. Na tambayi Mama Ladi wa ake kunna wa. Ta yi dariya ta ce, "Manyan gidan." Washegari ta kai ni na gan su.

Wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, babu taga, ƙofarsa mai kauri. Da ta buɗe sai sanyi ya bugi fuskata, da wani wari kamar na tsohuwar akwati. Kantoci ne na katako har sama, cike da kwalabe baƙaƙe. Yawancinsu a kwance suke, wasu kaɗan a tsaye a kanta ta sama. Ƙura ta rufe su. Na ce mata, "Mene ne wannan?" Ta ce giya ce. Na ja da baya har na taka mata ƙafa.

Da yamma na sami Kawu yana wanke hannu da omo, na kasa tambayarsa, shi ya fara. Ya ce ya san na gani. Ya ce shekarunsa a gidan nan bai taɓa sa ƙafa a ɗakin ba, bai taɓa taɓa kwalba ba, nasa injin ne kawai. Ya ce kada in gaya wa Inna. Ya daɗe yana goge hannun da tsumma, sannan ya ce, "Allah dai Ya yafe mana, Sa'a. Wutar da nake kunnawa na san inda take zuwa."

Idon Mama Ladi ya yi rauni, ba ta ganin allurar ma'aunin zafin da ke rataye a bangon ɗakin. Sai aikin ya dawo kaina. Kullum kafin in tafi makaranta da bayan na dawo, nakan shiga in duba allurar in gaya mata. Akwai jan layi da Oga ya ja da kansa. Dokokin ba su da yawa: kada allura ta wuce ja, kada a taɓa kwalba, kada a share ƙurar kanta. Ƙasa kawai ake sharewa, ita ma a hankali.

Da farko nakan rufe hanci in duba in fito. Daga baya na fara daɗewa. Wuri ne mai sanyi da haske, kuma babu mai yi min magana. A makaranta 'yan ajinmu suna min dariya saboda Turancina, suna kirana 'yar ƙauye, ni kuwa nakan yi kewar gida har abinci ya ƙi wucewa. A ɗakin nan nake tsayawa in goya hannuna a baya, in karanta takardun da ke manne a jikin kwalaben. Sun yi ja-ja-ja, gefunansu sun cinye, wasu da rubutun hannu. Ba Turanci ba ne, amma shekarun ina ganewa. Na san wadda gilashinta ke da kumfa a kafaɗa, da wadda kakin zuman da aka liƙe bakinta da shi ya ɓalle kamar haƙori, da wata gajera da ta ɗan karkace kamar tsohuwa. Na tsayen su na fi so. Su ba takarda gare su ba, da farin fenti aka buga musu haruffa a jikin gilashin, irin yadda ake buga wa buhun taki.

Wata Lahadi Oga ya same ni a haka, bakina yana motsi. Na yi zaton kashina ya bushe. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ajina nawa, da Turanci a hankali don in gane, sannan ya kunna 'yar tocilarsa ya haska wuyan wata kwalba. Ya ce in duba inda giyar ta tsaya, in ta yi ƙasa, daraja ta ragu. Ya ce na kwancen nan daga Fotugal suke, sunansu fot, ana zuba musu barasa mai ƙarfi tun suna sababbi don su daɗe ba su lalace ba. Ɗigon farin fentin da ke bayan kowacce kuma alama ce ta gefen da zai kalli sama, don gwiɓin da ke cikin giyar ya kwanta wuri ɗaya. Ya nuna min wata ya ce an rufe bakinta kafin a haifi kakan kakana. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi yaushe zai sha. Ya yi murmushi ya ce likita ya hana shi tun da daɗewa, shi tarawa yake yi.

Na nuna na tsayen. Ya ce, "Waɗannan su ne tsofaffin gidan, sun fi kowacce tsada. Labarinsu daban ne. Wata rana zan gaya miki." Wayarsa ta yi ƙara, ya fita.

A farkon bazara ciwon ƙodarsa ya tashi, aka shirya fita da shi waje. Ran da zai tafi ya kira Kawu bakin mota. Ina tsaye da jakarsa. Ya ce, "Sale, in allurar nan ta wuce ja, kada in dawo in same ka a gidan nan." Yana dariya ya faɗa, amma Kawu bai yi dariya ba.

Ya bar gidan a hannun ɗan ƙanwarsa, wanda muke ce wa Manaja, saurayi mai turare da makullin mota kullum a yatsa. Tun a makon farko tankar da ta saba kawo man dizal ta daina zuwa. Wasu samari ne suka fara kawowa a jarkoki a bayan wata tsohuwar mota. Na ga man lokacin da Kawu yake juyewa, launinsa ya yi fari-fari, kuma akwai wani abu da ke kwanciya a gindin jarkar. Kawu ya yi magana, Manaja ya ce masa shi injiniya ne ko mai shara.

Zafi ya kai inda kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, sai taransifomar layinmu ta ƙone. Janareto ya yi kwana biyu yana aiki ba hutu, ranar ta uku da hantsi ya yi tari ya tsaya. Makanikin da Kawu ya kira ya buɗe ya ce ruwa ne a cikin man, ya kashe famfon man injin, sai an sayo sabo, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Manaja ya tafi Legas biki, wayarsa a kashe. Oga yana gadon asibiti, lambarsa ba ta shiga. Kawu ya bi gidajen maƙwabta yana roƙon a ja mana waya, masu gadi suka ce su wa, iyayen gidansu ba sa nan ko ba sa son magana.

Ni kuwa ina shiga ina fitowa. Allura tana hawa. Da azahar ta taɓa ja. Da la'asar ta wuce. Na haska na kwancen, na ga wata ta fara tsattsafo da wani abu mai danƙo ta gefen kakinta, ɗigo ɗaya yana rataye bai faɗo ba. Na fito na gaya musu.

Kawu yana tsugune a gindin mangwaro. Can ya ce da Mama Ladi, a garinsu yaya suke sanyaya ruwa. Ta ce a tulu mana. Ya ce mu ma haka, randa a kan jiƙaƙƙen yashi, a naɗe ta da buhu, in iska ta buga sai ka ji kamar daga firji. Ya ce abin da ya sanyaya randa zai sanyaya kwalba. Mama Ladi ta ce Oga ya ce kada a taɓa. Kawu ya ce Oga ya kuma ce kada allura ta wuce ja, ta zaɓa masa wadda za a karya.

Ana gini a bayan layinmu. Mai gadin wurin ɗan Zamfara ne, ya bar Kawu ya yi ta ɗibar yashi da baro, ya ƙara masa da tsofaffin buhunan ashasha. Muka zuba yashin a barandar baya, inda inuwa take kuma iska ke ratsawa. Famfo ba ya aiki tunda babu wuta, sai muka koma ɗibar ruwan kwamin wanka, mai warin magani.

Kawu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin sanyi, wanda yanzu ya zama kamar tanda. Ya cire hularsa ya mayar. Ya shiga, ya miƙa hannu ga kwalbar farko, ya ce, "Bismil..." sai ya tsaya.

Mama Ladi ta ce, "Malam Sale, ƙarasa mana."

Ya ce, "Ba a yi wa wannan bisimilla."

Ta ce, "To ɗauka haka nan, Allah Ya san aiki ne."

Ya ɗauka da yatsu, nesa da jikinsa, kamar mai ɗauke da mataccen ɓera. Ni ce na ce a fara da na tsayen, don Oga ya ce sun fi tsada. Su muka fi naɗewa da kyau, muka ɗaure da igiya, muka kafa su a tsakiyar yashin inda ya fi laima. Na kwancen muka jera su a kwance, ina lura da ɗigon fentin kowacce ya kalli sama kafin a rufa mata buhu. Babu wadda ta fashe. Babu wadda aka girgiza.

Dabarar ta yi aiki. In ka cusa hannu cikin yashin nan sai ka ji sanyi har gwiwar hannu. Na kawo ma'aunin na binne gindinsa, allura ta sauko ƙasa da ja. Kawu ya dube ta ya yi dariyar da ban taɓa ji ya yi ba tun zuwana. Amma yashi yana shan ruwa. Kusan mako muka yi muna ɗiba muna yayyafawa, ba dare ba rana. Ban je makaranta ba, har gwajin lissafi ya wuce ni. Tafin hannuna ya yi fari ya tattare, kafaɗun Mama Ladi suka kumbura. Kwamin wankan ya ragu har ana ganin matakalarsa ta ƙasa.

Ran da aka gyara taransifoma, muka bar ɗakin ya yi sanyi, sannan muka fara kwance buhunan. Ni na kwance na farko. Takardar ba ta jikin kwalbar. Tana manne a cikin buhun, ta zama kamar jiƙaƙƙen tuwo, da na taɓa ta sai ta narke a yatsana. Na kwance ta biyu, haka. Waɗanda takardarsu ta tsaya, maganin ruwan ya cinye tawadar, sai fari fat. Na ruga wurin na tsayen. Tsohon fentin ya jiƙa, yashi da buhu sun goge shi, abin da ya rage wani hazo-hazo ne a jikin gilashin. Duk sun zama iri ɗaya, baƙaƙe, masu sheƙi, kamar an sayo su jiya.

Kawu ya ce ai takarda ce kawai, abin da ke ciki ne dukiyar. Mama Ladi ta zauna a kan baro. Ni na mayar da su kantoci, kowacce inda na san take, mai kumfa a kafaɗa a wurinta, gajeriyar a wurinta.

Manaja ya dawo ya leƙa ɗakin, ya fito yana ihu da Turanci. Kafin Oga ya sauka daga jirgi an riga an gaya masa wai Sale ya sayar da man kirki ya zuba gurɓatacce. Oga ya dawo a rame, da sanda, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya shiga ɗakin shi kaɗai ya rufe ƙofa. Da ya fito bai kalli kowa ba. A kicin Mama Ladi ta gaya min abin da ba mu sani ba: aikin tiyatar da ya rage a yi masa a waje mai tsada ne, kuma kwalaben nan ya yi niyyar sayarwa. Ya riga ya kira mai kimanta darajarsu tun yana asibiti.

Mace ce, daga Legas, mai furfura a gaban kai da takalmi mara tsini. Ta zo da 'yar tocila da gilashin ƙara girma. Oga ya sa aka kira mu duka, ya ce in tsaya kusa da Kawu in riƙa fassara masa. Ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana haska wuya, tana shafa kaki, tana juya su a hankali tana neman abin da babu. Ta ɗebo ɗan yashin da ya maƙale a gindin wata ta murza a yatsa. Ta tambaya me aka yi, Oga ya gaya mata. Ta dubi Kawu ta daɗe, ba da fushi ba.

Ta ce mai sayen irin wannan ba giya kawai yake saye ba, shaida yake saye: wane gida ya yi ta, wace shekara. Shaidar kuwa ita ce takardar da fentin. Ta ce akwai suna a jikin toshiyar bakin, amma sai an fasa kaki an zare ta ake gani, in an zare kuma babu sauran sayarwa. Na fassara. Kawu ya ce in gaya mata akwai masu buga takardu a Wuse, in Oga yana da hotunan a waya, shi zai biya daga albashinsa a buga sababbi a manna. Na faɗa. Ta girgiza kai ta ce wannan gidan yari yake kai mutum.

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce mata da Turancina na 'yar ƙauye, ni na san su. Manaja ya ce wa ya tambaye ni, matar ta ɗaga masa hannu. Na bi kantocin ina nunawa, ina faɗin shekarar da ke jikin kowacce da haruffan da na tuna. Oga yana duba hotunan wayarsa yana gyaɗa kai. Da na gama ta dafa kafaɗata.

Ta ce, "Ni na yarda da ke. Amma mai saye ba zai gan ki ba, kwalba zai gani."

Ta nemi izinin Oga ta buɗe ɗaya daga na tsayen. Toshiyar ta fito a marmashe. Ta zuba kaɗan a kofi, launinsa kamar zuma mai duhu, ƙamshin ya cika ɗakin, kamar dabino da ƙonannen sukari. Kawu ya rufe hanci da hularsa. Ta kurɓa, ta rufe ido, ta tofar a wani kofin. Ta ce lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa ɗanɗana mai kyanta ba. Sannan ta juya ga Oga ta yi maganar da har yau nake ji. Ta ce ai na tsayen nan irin giyar da ake kira madera ce, a tsibirin da ake yin ta da gangan ake barin gangunan a ƙarƙashin rufi mai zafi shekara da shekaru, zafi ne ya yi ta, babu abin da zafin mako ɗaya zai ƙara mata. Ta ce na kwancen ne za su ɗan ji jiki, wasu su tsattsafo, amma da an saye su duk da haka. Da su Kawu sun kulle ƙofar nan sun tafi sun kwanta, in ji ta, da yau tana rubuta masa farashi.

Oga ya ce ya sani. Ya dube ni, ina jin ya tuna Lahadin nan, ya kawar da kai.

Kawu ya taɓa gwiwar hannuna. Ya ce, "Me ta ce, Sa'a?"

Na ce, "Ta ce giyar ba ta lalace ba, Kawu."

Ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu..." ya sake tsayawa kamar ran nan, ya sunkuyar da kai.

Manaja ya so a kira 'yan sanda a kan maganar mai. Oga ya ce a'a. Ya ce da Kawu a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba, ya tattara kayansa kafin Juma'a. Na so in faɗi launin man da na gani a jarkoki, na buɗe baki, amma ƙarfin halin da na samu ɗazu ya ƙare, kuma babu wanda ya juyo wajena.

Jiwa muka koma, wani gari a bayan birni, wurin wani abokin Kawu da ya ba mu ɗaki da rumfa a bayan gidansa. A nan akwai akuyoyi da daka da yara, har na ji kamar gida, sai dai ba gida ba ne. Kawu ya shiga ƙwadago a gonakin mutanen garin. Na yi ƙoƙarin ci gaba da zuwa makarantata, mota biyu zuwa, biyu dawowa, in isa an gama darasin farko, mai gadi ya sa ni tsintar shara. Kuɗin motar ya fi abin da Kawu yake samu a wasu ranakun. Wata safiya na sa kayan makaranta na fito, na gan shi yana juya aljihun rigarsa, na koma ciki na cire. Ba mu yi maganar ba. Makarantar da ke kusa sun ce babu gurbi sai sabuwar shekara, kuma sai na kawo takardar canji. Da na je karɓa aka ce shugabar ba ta nan, na koma aka ce fayil ɗina ba a gan shi ba.

Wata Lahadi bayan coci sai ga Mama Ladi, ta sha hanya, da shinkafa a leda da safata da na manta a kan igiya. Ta ce 'ya'yan Oga sun haɗa kuɗi an sake fita da shi, ba a san yadda za ta kasance ba. Ta ce Manaja ya yi walima a gidan, ya fito da kwalaben da ba su da suna, abokansa suna haɗawa da lemon kwalba da ƙanƙara. Gajeriyar nan mai karkata, ta ce, a kwandon shara ta tsince ta da safe. Ta kama hannuna ta duba tafin, ta ce, "Ka ci gaba da karatu ko a gida ne, ka ji?" Na ce to.

Inna takan kira a wayar Kawu ta tambayi makaranta, in ce lafiya lau.

Da kuɗin ƙwadagonsa na farko Kawu ya sayo randa. Ya zuba yashi a gindin rumfa ya kafa ta, ya naɗe ta da buhu. Ni ke yayyafa mata ruwa da safe, daidai lokacin da nakan duba allura, da kuma yamma. In ya dawo daga gona yakan ɗebi moɗa ɗaya ya shanye a tsaye, ya goge baki, ya ce da abokinsa, "Ka ji sanyi? Dabarar nan ba ta ƙarya. Ko matar nan ta Legas ta faɗa, ko ɗaya ba ta lalace ba. Tambayi Sa'a, ita ta fassara."

Sai in ce haka ne, in karɓi moɗar in kife ta a kan murfin.